Yadda zaka gane kuskuren kwafe suna a tsoffin takardun haraji da ƙidaya

In kana neman tarihin gidanku a Katsina ko Daura, abu na farko ka sani shine ƙidayar da akayi zamanin Turawa, kamar ta 1931 da ta 1952, yawanci adadi ne ya rage mana, maza kaza mata kaza. Inda zaka ga sunan mutum shine takardun haraji da jangali, waɗanda malaman hakimi da dagatai suke rubutawa. To anan matsalar take, don suna ɗaya sai ya bi hannu uku, mai unguwa ya faɗa da baki, malami ya rubuta, akawu ya buga a tafireta, kowa da nashi kuskuren.

Ni kaina na daɗe ina neman kakana a wata takarda da aka buga, wallahi har na fidda rai, ashe harafi ɗaya akawu ya canza. Shi yasa nake cewa kada ka tsaya akan kwafin da aka buga, ka roƙi a nuna maka na rubutun hannu in yana nan.

A rubutun boko na da, haruffan u da a da n suna kama sosai, Sule sai ya koma Sale, kuma ka ga mutum biyu ne daban, Audu ya koma Andu. Tafireta kuma bata da ƙ da ɗ da ɓ, Baƙo zai fito Bako. Ita Katsinar ma Katsena Turawa suke rubutawa, to ina ga sunan talaka. In takardar asali da ajami take, ɗigo ne kaɗai ya raba haruffan ba da ta da nun, tawada ta goge ɗigo ɗaya shikenan Tanko ya zama wani suna da babu shi a duniya. Dabarar da tafi yi min aiki, ka karanta sunan da ƙarfi da bakin Katsinanci, sau da yawa kunne yake kamawa kafin ido.

Sai ka zauna da tsoffin gida, musamman gwaggo ko iya, da biro da takarda, ka rubuta duk sunan da ake kiran mutumin. Abubakar ne amma Garba ko Habu aka sani, Usman ya zama Mani ko Shehu, Ibrahim ya zama Iro, ga kuma alkunya, uwa bata faɗin sunan ɗan fari, mata bata kiran sunan miji, to laƙabin da ya bi mutum shi ake rubutawa. Ka tambayi sana'a da unguwa ma, Rafindadi ne ko Yarinci ko Ƙofar Sauri, da sunan maƙwabta, don galibi gida gida ake bi, in kaga maƙwabcin to naku yana kusa ko da sunan ya lalace.

Shekaru kam kiyasi ne kawai. Ka tambaya da abinda ya faru, an haife shi kafin Sarki Dikko ya tafi Makka a 1921, ko bayan rasuwarshi a 1944? Kuma in baka ga wani saurayi a jerin ba kada kace babu shi, mutane suna ɓoye 'ya'ya don gudun haraji.

Wurin nema, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu anan Katsina, sai gidan adana takardu na ƙasa dake Kaduna da Gidan Arewa, wato Arewa House, cibiyar binciken tarihi dake can Kaduna itama. A Kaduna kada ka duba fayil ɗin lardin Katsina kaɗai, sai 1934 akayi lardin, kafin nan Katsina ta zauna ƙarƙashin Kano sannan Zariya. In an baka izini ka ɗauki hoton shafin gaba ɗaya da waya harda bangon fayil ɗin, ka kwafe sunan yadda ka ganshi da kuskurenshi, gyaranka ka rubuta shi a gefe.