Darasi na Bakwai: Ɗora wa Kwamfutocin Ofis Babbar Manhaja

Kwamfuta ba ta iya komai sai da babbar manhaja a cikinta. Ita ke karɓar umarnin madannai, ta nuna rubutu a allo, ta ba sauran manhajoji wurin aiki. Wadda ta fi yawa a ofisoshin Abuja ita ce Windows ta kamfanin Microsoft.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, shi ya sa ake ta komawa Windows 11. Amma ba kowace kwamfuta ke ɗaukarta ba. Sai mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 zuwa sama, da ma'ajiya ta aƙalla gigabait 64, da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0. In ofis ya aike ku Banex a Wuse 2 sayen ta hannu, ku sa mai shago ya kunna ya nuna muku waɗannan kafin ku biya. Gigabait 4 ɗin nan ma na maleji ne. Akanta mai buɗe takardu da yawa a lokaci guda sai da 8.

Kafin ku taɓa komai, ku kwashe. Ɗora manhaja daga tushe yana share duk abin da ke cikin ma'ajiya, kuma a nan ne masu koyo suka fi jawo wa kansu magana. Za ku tambayi mai kwamfutar:

"Hajiya, akwai abin da kike so a kwashe?"

"Babu komai, ɗana, duk na tura ta waya."

Ku ce to, amma ku zauna tare da ita ku buɗe jakunkunan takardu da ke cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa takardun albashi da wasiƙun shekara da shekaru suna nan zube a fuskar allo, ta manta da su. Ku juye su a wata ma'ajiya ta waje, ku buɗe biyu ko uku a can ku tabbatar sun shiga. Sannan a tanadi wuta. Ta tebur a jona ta da UPS ko inbata, ta tafi-da-gidanka a cika mata caji. In aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, sai an sake daga farko.

Ɗorawar kanta ba wuya. Ku samo filash mai gigabait 8, ku sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, shi ne manhajar da za ta zuba muku Windows a filash ɗin, amma za ta goge abin da ke kai. Ku soka filash ɗin, ku kunna kwamfuta, ku riƙa danna maɓallin F9 in HP ce, F12 in Dell ce, har jerin zaɓi ya fito a allo. Ku zaɓi filash, ku zaɓi ma'ajiyar da za a ɗora a kai, ku bar ta ta yi aikinta. Za ta mutu ta tashi da kanta fiye da sau ɗaya, kada ku firgita.

Saiti shi ne ya bambanta kwamfutar ofis da ta gida. Ku ɗora nau'in Windows da ake kira Pro, don wadda ake kira Home ba ta shiga rukunin da babbar kwamfutar ofis ke sarrafawa. Lasisi kuma ya zama na gaske. Na bayan fage da ake bayarwa da araha yakan zo da ɓoyayyiyar cuta, kuma sirrin ma'aikata ne za a kwasa, ba naku ba.

Kowace kwamfuta a ba ta suna mai ma'ana, kamar KUDI-01 ko RAJISTA-02, a rubuta a littafi tare da lambar jikinta. Ku buɗe asusu biyu: na mai kula, wanda ke da ikon sa manhaja da cire ta, da na ma'aikaci mara wannan iko. Oga zai ce a ba shi na mai kula. Ku lallaba shi, ko shi ma na ma'aikaci ya fi masa tsaro a aikin yau da kullum.

Agogo a sa shi a lokacin Nijeriya, awa 1 gaba da GMT, don in ya karkace wasu shafukan intanet ba sa buɗewa. Ku ƙara allon rubutu na Hausa saboda ɓ da ɗ da ƙ. Ku jona intanet ku bar Windows Update ya gama sabuntawa kafin ku haɗa firinta.

Saura BitLocker, mai kulle ma'ajiya ko da an sace kwamfutar. Yana ba da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ku buga shi a takarda, a sa a ambulan, a ba shugaban sashe ya kulle a sef. In kwamfuta ta nemi mabuɗin nan aka rasa, babu mai gyaran da zai iya fito da abin da ke ciki.

Aikin aji: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kwamfuta, ɗaya mai ɗorawa. Mai ɗorawa ya rubuta tambayoyi 5 da zai yi kafin ya soka filash, ya karanta wa aji.