Yadda ake koyar da lissafi da tafi da waƙa

Duk wanda ya ratsa lungunan Fagge ko Gwale da yamma ya ji 'yan Islamiyya na rera karatu da murya ɗaya, ya san yaran Kano ba sa manta abin da aka sa wa kari. Malamin lissafi ma zai iya cin wannan moriya, kuma ba sai ya shigo da kalangu aji ba, don wasu iyayen ba za su lamunta ba. Tafi da dukan benci sun wadatar.

Da farko, ka ɗauki karin da yaran suka sani, kamar na gaɗa, ka ɗora jadawalin sau a kai. Layi ɗaya su ba da waƙa, saura su amsa. Sai dai yaron da ya haddace ta haka, in ka ce masa bakwai sau takwas, sai ya koma tun daga bakwai sau ɗaya. Saboda haka kashegari ka riƙa tsinko tambaya daga tsakiya.

Mataki na biyu shi na fi so. Raba ajin gida biyu, kai kuma ka riƙa ƙirga a hankali daga 1 zuwa 36. Ɓangare ɗaya su tafa a kowace lamba ta uku, ɗayan a kowace ta huɗu. Zagayen farko hargitsi ne da dariya, ƙyale su. A na biyu ka ce su kasa kunne su ji inda tafin ya haɗu: 12, 24, 36. Sannan ka tambaya, da a ce 4 da 6 ne fa, a ina za su fara haɗuwa? Da yawa za su ce 24. Kada ka gyara musu, a tafa a ji. A 12 za su haɗu. Sai a nan za ka faɗa musu cewa wannan lamba da tafin ya fara haɗuwa a kanta ita ce littafi ke kira LCM.

Na uku, kaso. Bugu 8 shi ne guda. A tafa 4 a yi shiru 4, rabi ke nan. Bugu 2 rubu'i, 1 kuma sumuni, kalmomin da suke ji a bakin manya wajen rabon gado. Sa yaro ya tafa rubu'i sau biyu, ya faɗi da bakinsa abin da ya samu.

Minti goma ya isa, sauran lokacin a koma kan allo da littafi. Kuma ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun kafin a fara.