Yadda za ka zaga Tek da ƙafa, kai da yaran gidanku

Ni birkila ne, a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana, aka haife ni, kuma na fi shekara 20 ina riƙe da cokalin gini. Sau da yawa a teburin mai shayi bayan Isha'i hira takan kawo mu kan wace jami'a ce ta fi kyau. Wannan ya zaro waya ya nuna Kambirij ta Ingila, wancan ya ce ai babu kamar Ife ta Najeriya. Ba na musu da su. Legon ma da ke Akra, da fararen bangayenta da jan rufinta a kan tudu, duk wanda ya gan ta ya san an yi aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin masu wannan gardama ba su taɓa sa ƙafa cikin Tek ba, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, alhali ga ta a bakin ƙofarmu. Yaranmu na zango sun san kasuwar Kejetia lungu-lungu, amma Jami'ar Kwame Nkrumah sai dai su hango katangarta ta tagar mota, kamar an ce musu ba tasu ba ce. Shi ya sa nake kwasar yaran gidanmu ina kai su, kuma ga yadda nake yi.

Fara da zaɓen rana. Asabar da sassafe ta fi, musamman in an kwana ana ruwa, ganye ya wanku, ƙasa tana ƙamshi. Lokacin hunturu, wajen Disamba da Janairu, hazo yana dusashe komai, ciyawa ta yi ja, ba za ka ga wurin a kamanninsa ba. Ka kuma kauce wa makonnin jarrabawa, don ɗalibai na bukatar shiru. Yara huɗu ko biyar sun isa mutum ɗaya. Kowa ya sa takalmin da ba ya cizo, a riƙe ruwan sha, a ci koko da ƙosai tun daga gida.

Daga wajenmu ka fita Anloga Junction ka kama trotro, wato motar haya, wadda yaron mota ke kiran "Tek, Tek". Ƙofofin makarantar suna da yawa, akwai ta wajen Ayeduase, akwai ta wajen Bomso, amma a zuwan farko ka nemi babbar ƙofa da ke kan hanyar Akra. An gina ta ne da siffar kujerar sarautar Asante, motoci suna wucewa ta ƙarƙashinta. Kada ka wuce da sauri. Tsayar da yara gefe ka tambaye su me suka gani. Ranar da na fara kai ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara tara, ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Kawu, wa zai zauna a kanta?" A nan na gaya mata cewa Sarkin Asante na wancan zamani, Otumfuo Osei Agyeman Prempeh II, shi ya ba da ƙasar da aka kafa makarantar, kuma Sarkin yanzu, Otumfuo Osei Tutu II, shi ne uban jami'ar. A watan Janairun 1952 aka buɗe ta a matsayin kwalejin fasaha, da ɗalibai 200 masu koyon malanta da aka kwaso daga Achimota, sai a 1961 ta zama cikakkiyar jami'a. Wannan ya isa tarihi a bakin ƙofa, in ka yawaita yara za su fara hamma.

Ka yi wa masu gadi sallama, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, ka bi abin da suka ce. Akwai motocin da ke zirga-zirga da ɗalibai a ciki, amma shawarata ka bar su. Kyan Tek a ƙafa ake ganinsa. Da zarar ka shiga, ƙarar hanyar Akra takan mutu a bayanka, inuwar itatuwa ta rufe ka, har iskar da ke taɓa fuskarka ta canja. Ka ce wa yara su yi shiru na minti ɗaya su saurara. Yaron da ya tashi cikin ƙarar pragya, keken nan mai ƙafa uku, da injin niƙa, wannan shirun kaɗai abin kallo ne a gare shi.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe, don nan ne sana'ata take. Ka nufi babban ɗakin taron nan da ake yaye ɗalibai, Great Hall, da ɗakin karatu na Prempeh II da ke kusa da shi. Yawancin mutane hoto suke ɗauka su wuce. Kai ka matsa kusa ka duba yadda aka yi ginin. Waɗanda suka zana tsofaffin gine-ginen nan a shekarun 1950 da 1960 ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, da rana da iska suka yi shawara. Dubi yadda rufi ke fitowa ya yi wa bango rumfa, rana ba ta dukan taga kai tsaye. Dubi barandodi masu faɗi, da bulo mai huji da aka jera ya zama bango, haske na shiga, iska na ratsawa, zafi ya tsaya a waje. Dubi inda aka ɗaga gini a kan ginshiƙai aka bar ƙasansa a buɗe, mutum ya fake wa ruwa ko rana. Ka sa yaro ya ɗora tafin hannunsa a kan kankaren da rana ta buga, sannan ya taka uku zuwa cikin baranda ya sake taɓa bango. Bambancin da zai ji a fatarsa ya fi duk bayanin da za ka yi masa.

Ni kaina a nan na koyi wannan darasi. Ina saurayi na yi leburanci a wani gidan kwanan ɗalibai na 'yan kasuwa a bayan makarantar, inda mai ginin ya matse ɗakuna, taga ɗaya 'yar ƙarama, don ya sami ɗaki da yawa. Da rana ɗakin kamar tanderu. In mun tashi aiki sai in ratso ta cikin Tek zuwa bakin titi, ina ganin gine-ginen da suka girme ni suna shan iska abinsu. Tun daga lokacin, duk wanda ya ba ni aikin ɗaki a zango, sai na roƙe shi mu fasa taga biyu masu kallon juna, ko da zai rage wani abu a wani wuri.

Daga nan ka gangara wajen gidajen kwanan ɗalibai. Sunayensu kaɗai karatu ne: Independence, Republic, Africa, Queens, da University Hall wanda kowa ya fi sani da Katanga. Wanda na fi so shi ne Unity Hall, ɗalibai na ce masa Konti, dogayen benaye biyu masu fuskantar juna da fili a tsakani. Ɗan ƙasar nan ne, John Owusu Addo, ya zana shi tare da Miro Marasović, mutumin Yugoslabiya, aka gama a 1968. Owusu Addo ɗin nan shi ya zana Cedi House na Akra. Ina faɗa wa yara sunansa da gangan, don su san baƙar fata ɗan Gana ne ya zauna da fensir ya fitar da wannan. Amma daga waje za ku kalla. Wurin kwanan mutane ne, ba a kutsawa sai da wanda ya gayyace ka.

In kana da ɗalibi ɗan unguwa da ke karatu a ciki, ka kira shi tun jajibiri ya tare ku. Wannan ya fi komai amfani. Yara su ga wanda suke sallah sahu ɗaya da shi, wanda suka san mahaifiyarsa tana sayar da waakye, yana tafiya cikin wurin nan yana gaisawa da abokai. Shi zai nuna muku titin da ɗalibai ke kira Hanyar Makka, wanda ke kai su azuzuwa, kuma shi zai kai ku masallaci in azahar ta yi. A bakinsa ya kamata su ji cewa marigayi Alhaji Aliu Mahama, Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2001 zuwa 2009, fasahar gini ya karanta a nan, kuma Kofi Annan ma ya zauna a azuzuwan nan kafin ya tafi Amurka.

Rafin Wiwi ya ratsa makarantar. Ka tsaya a kan gada ku leƙa. Akwai lambun itatuwa na jami'ar, mai dogayen bishiyoyi da gora. Ka tambaya a ƙofarsa ko a buɗe yake da abin da ake biya, in an bari ku shiga, ka riƙe ƙananan a hannu, kada kowa ya tsinki ganye ko ya bar leda a ƙasa. Ni nakan tafi da jaka guda don sharanmu.

Kada ka ce sai kun gama ko'ina a rana ɗaya, wurin ya fi ƙarfin ƙafar yaro. Awa uku sun isa. In ka ga ƙaramin cikinsu ya fara jan ƙafa, ku nemi dakali a inuwa ku zauna, ka raba musu abin da ka riƙo, ka bar su su yi ta tambaya. Ɗiyar ƙanwar tawa a irin wannan zama ne ta tambayi ɗalibar da ta raka mu, "Yaya, me ake ci a jarrabawa kafin a zo nan?" Ita kuwa ta zauna ta lissafa mata darussan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta riƙe lissafi da kimiyya da kyau tun yanzu.

Ku fito kafin la'asar. Da yamma Tek Junction takan cushe, ga masu tafiya Ejisu, ga masu komawa cikin gari, kuma tsallaka wannan titi da yara biyar ba wasa ba ne. Ku hau gadar masu ƙafa, ka ƙirga su kafin ku shiga mota, ka sake ƙirga su in kun sauka a Anloga.