Yadda Ake Aiki da Gishirin Manganis a Wurin Haɗa Abincin Kaji Ba Tare da Ya Cuci Mai Haɗawa Ba

Gishirin manganis, wanda ake rubuta wa MnSO4 a jikin buhu, gari ne mai laushi, fari da ɗan ratsin ruwan hoda, kuma yana narkewa a ruwa ba da wata wahala ba. Yana cikin sinadaran da ake zubawa a firimis, wato haɗin bitamin da sinadarai da ake ƙarawa a abincin kaji da na sauran dabbobi, kuma kaza ba ta girma daidai sai da shi. Tun a 1936 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gano cewa ƙarancinsa ne ke sa jijiyar gwiwar ɗan tsako ta zame daga mazauninta, ƙafa ta karkace, har ya kasa isa wurin abinci. A kajin ƙwai kuwa ɓawo ne ke yin rauni, ƙyanƙyasa ta ragu. Saboda haka babu mai cewa a daina amfani da shi. Abin lura shi ne, wanda ke cikin haɗari ba kazar da ke ci ba ce, yaron da ke kwance bakin buhu yana juyewa a injin haɗa abinci ne.

Dalilin haka yana cikin hanyar da sinadarin ke bi ya shiga jiki. Idan ta baki ya shiga, hanji ba ya tsotsar fiye da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a mafi yawan lokuta, kuma abin da ya yi rara hanta ce ke tace shi ta fitar da shi cikin ruwan matsarmama. Ƙurar da aka shaƙa kuwa ba ta fara bi ta hanta ba: daga huhu take shiga jini, ta taru a can ƙasan ƙwaƙwalwa, a sashen da ke sarrafa motsin gaɓɓai. A 1837 wani likita mai suna Couper ya bayyana cutar da wannan ƙura ke haifarwa a jikin ma'aikatan da ke niƙa baƙin dutsen manganis a ƙasar Sikotilan, daga baya kuma aka riƙa ganinta a wurin masu haƙar ma'adinai da masu walda. Farkonta ba ta da wata alama da za ta firgita mutum, sai kasala, ciwon kai, rashin barci da saurin fushi, abubuwan da kowa zai ɗora wa gajiya ko zazzaɓi. Bayan watanni ko shekaru ne magana ke fara nauyi, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daskare, hannu ya kama rawa, mutum ya riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa, wadda likitoci ke kira tafiyar zakara. Ta yi kama da cutar Parkinson, amma maganin levodopa da ke taimakon masu Parkinson ba ya yi mata aiki sosai, kuma idan ta yi nisa ba ta cika komawa baya ba ko da mutum ya bar aikin.

Matakin farko yana wurin saye. A karanta takardar da ke jikin buhu, a tabbatar na abincin dabbobi ne, mai lambar rajistar NAFDAC, ba na takin gona ba, domin na gona yana iya zuwa da gurɓatattun ƙarafa. A kuma duba haruffa biyun farko da kyau, saboda MgSO4 gishirin magnesiyom ne da wasu ke sha don wankin ciki, MnSO4 kuma shi ne manganis. A 2012 an wallafa rahoton wani mutum a Sifen da ya rasu bayan ya sha manganis da aka ƙulla masa bisa kuskure a matsayin wancan gishirin. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a taɓa juye shi a leda ko robar da ba a rubuta suna a jikinta ba.

Sai awo. Kashi 32 cikin ɗari na wannan gishiri ne manganis zalla, don haka mai son miligiram 100 a kowane kilo na abinci yana bukatar kimanin giram 310 ne a tan guda, wato giram 31 a kilo ɗari. Wannan aikin ƙaramin sikeli ne, ba na cokali ko gwangwanin madara ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 150 a kilo a matsayin iyaka ga abincin kaji, kuma wanda ya riga ya zuba firimis ya sani cewa manganis na ciki, ƙara wani a kai ɓarnar kuɗi ce kawai, tana kuma iya tauye wa kaza tsotsar sinadarin ƙarfe. A ganina, mai kiwon da kajinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba bai kamata ma ya sayi gishirin zalla ba, ya tsaya ga firimis da aka riga aka haɗa. Wanda girman aikinsa ya tilasta masa, ya fara cuɗa abin da ya auna da kilo guda na dusa a cikin bokiti mai murfi, ya girgiza, ya jira ƙura ta kwanta kafin ya buɗe, sa'an nan ya haɗa wannan da kilo goma, daga nan ya kai ga sauran masara da waken suya.

Ƙurar ita ce ainihin abin yaƙi, kuma a nan ne aka fi sakaci. Ƙungiyar masana lafiyar wuraren aiki ta Amurka, ACGIH, ta sa iyakar ƙurar manganis mai isa can cikin huhu a miligiram 0.02 a kowace mita kubik ta iska, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, adadin da ido ba ya iya gani. Idan hasken rana ya ratso ta hudar kwano aka ga gari yana yawo a cikinsa bayan an juye buhu, to a ɗauka akwai gyara a yadda ake aikin. A yanka bakin buhu da wuƙa maimakon fizgar zare, a sauke shi dab da bakin injin a zuba a hankali, kada a kakkaɓe shi bayan ya ƙare. A buɗe ƙofa da tagogi ta yadda iska za ta bi ta bayan ma'aikaci ta fice da ƙurar, amma kada a kunna fanka a saitin wurin awo. Takunkumin da ya dace shi ne N95 ko FFP2, wanda ke manne wa fuska ta ko'ina. Hankici, bakin rawani da takunkumin yadi ba sa tare irin wannan gari. Mai cikakken gemu ya sani cewa takunkumin ba zai zauna masa daidai ba, don haka ya fi kyau a ba wani aikin awo da juyewa. A haɗa da tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba, domin garin yana iya yi wa ido mummunan lahani.

Idan ya zube, ba a share shi da busasshiyar tsintsiya. A yayyafa ruwa kaɗan, a kwashe da shebur a zuba a roba mai murfi, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan wankin kada ya bi kwata zuwa rafi ko tafkin kifi, saboda guba ne ga halittun ruwa, abin da ya shafi masu haɗa kiwon kaji da na tarwada a gona ɗaya. Buhun da ya ƙare ba na zuba hatsi ko shimfiɗa ba ne. Ajiya kuma a busasshen ɗaki, a kan katako, nesa da abinci da hannun yara.

Ba a cin goro, shan shayi ko taba a wurin haɗi. Kafin cin abinci ko alwala a fara wanke hannu da sabulu, don kada a kai garin baki da hanci da ruwan kurkura. Kayan aiki su tsaya a shago a wanke su daban, kada a kai gida a haɗa da na yara. Wanda garin ya faɗa wa ido ya wanke da ruwa mai gudu na minti 15 yana buɗe fatar idon, sa'an nan ya tafi asibiti. Wanda ya haɗiye ya kurkure baki, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, a kai shi asibiti tare da takardar buhun.

Akwai kuma ƙwayoyin ƙarin sinadarai na mutane masu ɗauke da manganis. Namiji baligi yana bukatar kimanin miligiram 2.3 a rana, mace 1.8, kuma mai cin gero, dawa, wake, gyaɗa da ganye, yana shan shayi, da wuya ya rasa wannan. Cibiyar likitanci ta Amurka ta sa iyakar miligiram 11 a rana a 2001, hukumar abinci ta Turai kuma ta tsayar da 8 a 2023. Masu ciwon hanta su guje shi sai da izinin likita, tunda hanyar fitarsa ce ta lalace, haka ma masu ƙarancin ƙarfe a jini, domin hanjinsu ya fi tsotsar sa. Irin waɗannan mutane, da mata masu ciki da ƙananan yara, bai kamata a sa su aikin awo ba. Ma'aikacin da ya lura hannunsa na rawa ko tafiyarsa ta canza ya ga likita da wuri, ya faɗa masa sunan garin da yake aiki da shi da tsawon shekarun da ya yi, domin gwajin jini yana nuna abin da aka shaƙa kwanan nan ne kawai, tarihin aikin shi ne zai sa likita ya nemi hoton ƙwaƙwalwa na MRI.