Darasi: Yadda ƙwayar halitta ke kwafo saƙo daga DNA

Toh jama'a, jikin mutum dai ƙwayoyin halitta ne birjik, ƙanana ne sosai ido baya ganinsu sai da na'ura. Kusan kowace ɗaya tana da wata cibiya a tsakiyarta, kuma a nan DNA yake a nannaɗe. DNA ɗin nan zare ne mai tufka biyu, an jera wasu sinadarai guda huɗu a jikinsa waɗanda masana ke kira da haruffa A, T, G da C. Na mutum ya kai harafi wajen biliyan 3, in da za a warware na ƙwaya ɗaya tak a miƙe shi zai kai kusan mita 2.

Jerin haruffan nan shi ne umarnin da ƙwaya ke bi ta ƙera furotin, wato sinadaran da ke gina jiki suna yi masa ayyuka. Matsalar ita ce wurin da ake ƙera furotin yana wajen cibiyar ne, shi kuwa DNA baya fita. Dan haka sai ƙwayar ta kwafo ɗan guntun da take buƙata kawai ta aika dashi waje. Wannan kwafin shi ake kira mRNA, wato RNA ɗan aike, shi RNA ɗin zare ne mai haruffa ɗan'uwan DNA. A 1961 ne Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da cewa akwai shi.

Mai yin aikin wani furotin ne da ake kira RNA folimares. Ba ko'ina yake farawa ba, akwai alama a jikin DNA ɗin gab da farkon kowace ƙwayar gado, wato guntun DNA mai ɗauke da umarni guda, a nan yake sauka, wasu furotin ɗin kuma su taimaka masa ya zauna daidai. Daga nan sai ya buɗe tufkar kamar yadda ake zuge zif, amma ɗan wuri kaɗan, yana gaba yana buɗewa bayansa kuma yana rufewa, yana karanta zare ɗaya cikin biyun yana jera haruffan RNA ɗaya bayan ɗaya har ya kai alamar tsayawa ya saki.

Ga ƙa'idar jerin, ku riƙe ta da kyau. In ya ga C zai sa G, in ya ga G zai sa C, in ya ga T zai sa A. Amma in ya ga A sai ya sa U, saboda RNA bashi da T kwata-kwata, U ce a madadinta. Misali zaren DNA mai TAC GGA TTC zai bada AUG CCU AAG.

A jikin mutum kwafin baya fita haka nan ɗanye. Ana rufe masa kai, a ƙara masa jela mai harafin A zalla da yawa, sannan a yanke wasu tsaka-tsakin da ba'a buƙata a haɗe sauran. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano wannan yankan a 1977, aka basu kyautar Nobel a 1993.

Ni a ganina abin da yafi muhimmanci a darasin nan shine zaɓi. Ƙwayoyin gadon da ke bada umarnin furotin sun kai wajen 20,000, kuma ƙwayar fata da ta hanta da ta ƙwaƙwalwa duk DNA iri ɗaya garesu, toh me ya bambanta su? Abin da kowacce ta zaɓa ta kwafa ne. Ƙwayoyin ɓargo da zasu zama jajayen ƙwayoyin jini suna ta kwafar umarnin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ba ƙaƙƙautawa, ita kuwa ta fata tana da umarnin nan amma ko kallonsa bata yi. Kuma shi mRNA baya daɗewa, wani mintuna wani awanni sai ya ruguje, shi yasa da zarar ƙwaya ta daina kwafa aikin ma sai ya ja baya.

Kar ku ɗauka karatun ɗakin gwaji ne kawai. Rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, abin da yake yi kenan, yana toshe RNA folimares na ƙwayar cutar ta kasa kwafar komai, namu kuwa ƙirarsa daban ce shi yasa maganin baya kama shi. Wasu alluran rigakafin korona da aka fara yi a ƙarshen 2020 ma mRNA ne a cikinsu, jiki ya karanta saƙon ya rushe shi.

Aiki: ku ɗauko biro da takarda ku rubuta wannan zaren na DNA, TAC CGT AAA ATT. A ƙarƙashin kowane harafi ku sa na RNA da ya dace dashi, sannan ku ƙirga U nawa kuka samu. Ya kamata su zama 5, wanda kuma ya ga T a amsarsa ya sake daga farko.