Yadda ake ɗinka kwat irin ta ma'aikata da tsohon yadi

Kwat ɗin da nake nufi ita ce wadda leburori da ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙa sawa a Faransa tun ƙarshen ƙarni na 19: shuɗiya, mai sakin jiki, da manyan aljihuna uku a waje. Yankanta ba wuya. Aikin yana wurin yadin, domin tsohon yadi ba ya yafe ganganci.

Kafin ka taɓa almakashi, ɗaga yadin ka fuskanci haske da shi. Duk inda haske ya ratso fiye da sauran wurare, zaren ya mutu, sai ka zagaye wurin da alli. Ka duba layin ninki sosai, nan yadin da ya daɗe a ajiye yake fara koɗewa, nan kuma yake yagewa. Sannan ka kama gefe ka ja da hannu biyu. In ka ji yana ƙara kamar zai tsage, haƙura da shi, ko da kyansa ya tafi da hankalinka.

Wanke shi da ruwan sanyi, shi kaɗai, ka ga ko yana zuba. Shanya a inuwa, ka goge tun da sauran danshi.

Yadi mai faɗin santimita 150, mita biyu da rabi kan isa. Amma tsofaffin yaduka da dama ba su wuce santimita 90 ba, don haka za ka buƙaci kusan huɗu. Fara gwada yankan a kan yadi mai araha, tunda na hannunka in ya ɓaci babu inda za ka ƙaro. Baya, kafaɗa da gwiwar hannu su samu ɓangaren da ya fi ƙwari. Inda ya ɗan koɗe ni nakan fitar da aljihu daga ciki, kuma nan kwat ɗin take samun kyanta.

Ɗora aljihuna tun gaban rigar yana shimfiɗe, kafin ka haɗa komai. Bakin kowane aljihu ka maimaita ɗinki a kusurwoyinsa, wurin da hannu ke ja kullum. Wannan raunin ne ya sa Jacob Davis da Levi Strauss, masu wandon jins a Amurka, suka yi rajistar dabarar ƙarfafa kusurwoyin aljihun wandon aiki da ƙusoshin tagulla a 1873. Sai dai ƙarfe yakan ci tsohon yadi, zare ya fi masa.

Daga nan haɗa kafaɗu, sa kwala, sa hannuwa, ka rufe gefe. Bar santimita ɗaya da rabi tsakanin ɗinki da bakin yadi, ka kalmashe bakin ciki ka sake bi ta kai, yadda ba zare ko ɗaya da zai fito. Allurar keke mai lamba 100 ta dace da yadi mai kauri, tazarar ɗinki milimita 3.

Gidan maɓalli shi ne ƙarshe. Sa wani ƙyalle mai ƙarfi a ƙarƙashi, ka gwada a kan guntun da ya rage kafin ka huda rigar.