Yadda Ake Daidaita Ruwan Tafkin Ninƙaya na Gida a Lokacin Rani a Abuja

Daga watan Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke a Abuja, har zuwa tsananin zafin Maris, tafkin ninƙaya na gida yana fama da rana mai ƙuna, da busasshiyar iska, da ƙurar hunturu, kuma kowannensu yana taɓa lafiyar ruwan. Abin da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne, ruwa kaɗai ke bin iska, amma duk abin da ya narke a cikinsa yana nan zaune. Tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, idan ya sauka da santimita 1 kacal, lita 320 ke nan suka tafi, suka bar gishirinsu da sinadaransu a baya, sannan a cika shi da sabon ruwa wanda shi ma ya zo da nasa.

Saboda haka ba a zuba komai sai an gwada. Kayan gwajin da ake sayarwa suna zuwa da kwalba mai gida biyu: a ɗaya ana jefa ƙwayar gwaji da ake kira DPD, ruwan ya yi ja-ja gwargwadon yawan kulorin, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a ɗayan kuma ana ɗiga jan ruwan gwaji domin a ga pH. A ɗebo ruwan daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakin bututun da ke dawo da ruwa, a kuma duba launin a cikin inuwa mai haske. A lokacin zafi, gwajin kulorin da pH aikin kullum ne, ko aƙalla sau uku a mako.

Shi pH ma'auni ne na tsamin ruwa, kuma ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura, kulorin yana yin sanyi, ruwa ya dusashe, farin ɓawo ya fara kama tayil a daidai layin ruwa. Idan ya faɗi ƙasa, ido yana zafi, simintin tsakanin tayil yana zagwanyewa, ƙarfen tsani da na injin famfo suna ciwuwa. Ana sauke shi da asid ɗin haidurokulorik, ana ɗaga shi da hodar soda (soda ash), kamar dai yadda uwargida ke kashe tsamin yakuwa da kanwa. Sai dai kafin a taɓa pH, a fara duba alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda ake so tsakanin 80 da 120 ppm (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan), domin shi ne ke hana pH hawa da sauka ba kai ba gindi. Sodar girki (baking soda) ke ɗaga shi: a tafkin da muka ambata, idan matsakaicin zurfinsa mita 1.5 ne, lita 48,000 ke ciki, kuma kimanin giram 800 zai ƙara 10 ppm.

Kulorin ɗin da ke kashe ƙwayoyin cuta ana son sa tsakanin 1 da 3 ppm, kuma a nan ne ranar Abuja ke yin ɓarna, domin haskenta yana cinye mafi yawan kulorin da ba shi da kariya cikin 'yan sa'o'i. Kariyarsa ita ce asid ɗin sayanurik, wanda masu sana'ar ke kira sitabilaiza, kuma 30 zuwa 50 ppm ya wadatar. Matsalar ita ce manyan ƙwayoyin kulorin da ake sakawa a cikin robar da ke yawo a kan ruwa suna ɗauke da shi tun asali: duk 10 ppm na kulorin da suka bayar, suna barin kimanin 6 ppm na sitabilaiza, wanda rana ba ta cinye shi, iska kuma ba ta ɗauke shi. Wata biyu ko uku ana wannan a cikin rani, sai a ga gwaji yana nuna akwai kulorin, amma gansakuka na kama bango, hannu yana jin santsi a kan matakala. Mai kula da tafkin zai ce, “Alhaji, a ƙaro magani,” alhali ƙarin ƙwayoyin ne ke ƙara ɗaure kulorin ɗin. Garin kulorin na cikin bokiti, irin su HTH, ba ya kawo sitabilaiza, amma yana kawo kalsiyam, sinadarin da ke yin farin ɓawon nan, kimanin 7 ppm a kowane 10 ppm, kuma shi ma taruwa yake yi. Ana son kalsiyam tsakanin 200 da 400 ppm. A ganina, hikima ita ce a yi amfani da ƙwayoyin har sitabilaiza ya kai inda ake so, daga nan a koma gari, a riƙa gwada su biyun sau ɗaya a wata. Idan ɗayansu ya wuce iyaka, hanyar da ta fi tabbas ita ce a zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a cika da sabo. Kada a ƙwaƙule tafkin tas a tsakiyar rana, domin zafi yana iya ɓata shafen bangonsa.

A lita 48,000, kimanin giram 75 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin 100 yana ƙara 1 ppm. A narkar da shi a bokitin ruwa, a zuba bayan magariba injin yana aiki, domin ya samu dare guda ba tare da rana ba. Bayan yara da baƙi sun cika tafkin ranar Asabar, ko bayan hazo mai kauri, a ninka adadin har ya kai wajen 10 ppm, kuma kada kowa ya shiga sai ya sauko.

Ruwan da ake cikawa da shi ma a gwada shi. Na famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma daban yake da na rijiyar burtsatse, na tanka kuwa sai mai kawo shi ya faɗi inda ya ɗebo. Idan ruwa ya fito garau amma ya rikiɗe ya yi launin tsatsa da zarar an sa kulorin, ƙarfe ne a cikinsa. Akwai sinadarin da ke kama ƙarfe, a fara zuba shi, a bar matata ta yi aikinta.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a ƙasan tafki kamar gari, tana cin kulorin, tana toshe yashin matata. A riƙa goge bango da buroshi, a zuƙe ƙasa, a wanke matatar idan allurar agogonta mai auna matsin ruwa ta haura da 8 zuwa 10 psi a kan yadda take tana da tsabta. Injin yana buƙatar aƙalla sa'o'i 8 a rana a lokacin zafi, kuma idan wuta tana yawan ɗaukewa, gara a ware masa lokaci a janareto da a bar ruwa mai ɗumi a tsaye. Murfin tafki yana rage ƙura da asarar ruwa ƙwarai, sai dai ba ya maye gurbin shinge a gidan da ke da ƙananan yara.

A wajen ajiya, kada garin kulorin da ƙwayoyin su haɗu a mazubi ɗaya ko ludayi ɗaya, domin haɗuwarsu na iya tayar da wuta, asid kuma idan ya taɓa kulorin yana fitar da iska mai guba. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid. A ajiye kowanne a rufe, a ɗaki mai inuwa da iska, nesa da fetur ɗin janareto, mabuɗin kuma a hannun babba.